Darasi na Tara: Shirya Tsohuwar Mota Don Gwajin Hayaƙi

A ƙasashe da yawa ba a sabunta takardun mota sai an auna hayaƙinta. Sabuwar mota takan wuce lafiya lau. Mai tsohuwa ne gabansa ke faɗuwa idan ranar ta matso. Amma tsufa kaɗai ba ya kayar da mota a wannan gwaji. Abin da ke kayar da ita galibi ƙananan gyare-gyare ne da aka daɗe ana ɗagawa zuwa gobe. A wannan darasi za mu koyi karanta takardar gwaji, mu gane inda matsala take, mu san gyaran da ya kamata a fara da shi kafin a kashe kuɗi mai yawa.

Me ake aunawa?

Ma'aikacin gwaji yakan zura wani siririn bututu a bakin salansa, inji yana aiki. Bututun yana haɗe da na'ura mai auna abin da ke fitowa. Takarda za ta fito ɗauke da waɗannan haruffa: CO, HC, wani lokaci har da NOx. Ku rubuta su a littafinku, domin za mu yi ta komawa kansu.

Injin fetur yana buƙatar abu uku kafin ya yi aiki: fetur, iska da tartsatsin wuta. Akwai kuma ma'auni. Kilo 1 na fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Da zarar ma'aunin nan ya karkace, hayaƙi zai tona asiri.

CO iska ce mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana yin yawa idan fetur ya rinjayi iska. HC kuwa ɗanyen fetur ne da ya shiga inji ya fito bai ƙone ba, yawanci saboda wuta ba ta tashi daidai a filogi. NOx yana samuwa ne idan zafin cikin silinda ya wuce kima. Wato kowane ɗaya yana nuna wani wuri daban a jikin inji. Wanda ya iya karanta su ba zai bari a yi masa gyaran lalube ba.

Tun da mun ambaci CO: kada a taɓa barin inji yana aiki a rufaffen gareji. Wannan iska tana kisa, kuma mutum ba ya jin shigarta.

Ba a haɗa tsohuwa da sabuwa

Wasu suna zaton za a auna motarsu da ma'aunin motar bana. A wurare da dama ba haka ake yi ba, shekarar mota ake dubawa. A Birtaniya, misali, motar fetur da ta fara hawa titi tsakanin Agusta 1975 da Yuli 1986 an yarda CO ɗinta ya kai kashi 4.5 cikin 100. Ta tsakanin Agusta 1986 da Yuli 1992, kashi 3.5. Motocin baya-bayan nan masu katalis (na'urar da ke jikin salansa mai rage gubar hayaƙi) kuwa kashi 0.2 ne iyakarsu idan an ɗaga inji. Dubi tazarar. Don haka kafin komai, ka tambayi wurin gwaji iyakar da aka sa wa motar shekararka, da irin gwajin da za a yi mata.

Fara da mai araha

Kuskuren da masu mota suka fi yi shi ne su fara da abu mafi tsada. Mota ta faɗi gwaji, wani ya ce katalis ne, sai a ruga a sayo. Bayan wata biyu sabon ma ya lalace, domin ba a taɓa abin da ya kashe na farkon ba. Gyaran hayaƙi daga gaba ake fara shi, wato daga inji, a bi a hankali zuwa salansa.

Matatar iska ita ce ta farko. Ciro ta ka ɗaga ta wajen haske. Idan haske ba ya ratsa ta, iska ma da ƙyar take ratsawa. A canza.

Sai filogi. A kwance su duka, a jera su yadda suke a inji, domin a san wanne ya fito daga wace silinda. Bakin filogi mai lafiya yakan yi launin toka ko ƙasa-ƙasa. Idan ya yi baƙi ƙirin kuma busasshe, fetur ya yi yawa. Idan baƙin ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa. Idan guda ɗaya ne kawai ya bambanta da 'yan'uwansa, to matsalar tana silindarsa, ko wayarsa, ko koyil ɗinsa. A duba wayoyin filogi ma, domin tsohuwar waya takan tsage ta riƙa zubar da wuta a hanya. Inji mai rawa ko tari idan yana sulo, HC ɗinsa ba zai yi kyau ba.

Baƙin mai kuma a juye shi kafin gwaji idan ya daɗe. Ga dalili: tsohon mai yakan sha fetur a hankali, musamman a motar da ba ta yin doguwar tafiya. Idan inji ya yi zafi, tururin fetur ɗin yana tashi ya koma cikin inji ta wani ƙaramin bawul, ya ƙara ɓata ma'auni.

Yanzu ga wanda aka fi mantawa da shi, tamostat. Wannan ɗan ƙaramin abu shi ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace da shi, wajen digiri 90. Wasu makanikai sukan cire shi su jefar, wai don kada mota ta yi zafi. Wannan ba gyara ba ne. Injin da bai yi zafi ba, kwamfutar mota takan ɗauka yanzu aka tashe shi, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Mai ya ƙone a banza, CO ya hau. Idan allurar zafi ba ta kai tsakiya ko bayan tafiya mai nisa, a duba tamostat, a duba na'urar da ke auna zafin ruwa.

A bi robobin iska da ke kan inji da ido da kunne. Roba takan bushe ta tsage, iskar da ba a lissafa da ita ba ta riƙa kutsawa. Sau da yawa za ka ji wani ɗan fito siriri. Salansa ma a duba ta tun daga inji har baya. Huji a jikinta yakan jawo iska daga waje ya rikita awo, kuma a wasu wuraren ba za a ma fara gwajin ba sai an toshe shi. Murfin tanki kuwa, in robarsa ta mutu, a canza shi. Abu ne ƙarami, amma a motoci da yawa shi kaɗai ya isa ya kunna fitilar gargaɗi.

Motar da ke da kafireta lamarinta da sauƙi. Akwai sukurun daidaita fetur da iska, akwai kuma taimin, wato lokacin da wuta ke tashi a filogi. Sai dai kada a daidaita su da kunne kawai. A nemi garejin da ke da na'urar auna hayaƙi, a riƙa juya sukuru ana kallon lamba.

Fitilar da ke kan dashbod

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta kwamfutar mota. A wurare da yawa wannan kafar ake fara jonawa a gwaji. Idan fitila mai siffar inji tana kunne, mota ta faɗi tun kafin a je ga salansa.

Mutum biyu su karanta wannan hira da ƙarfi:

Mai mota: Malam, gobe zan kai ta gwaji. Don Allah ka kashe mini fitilar nan kawai.

Makanike: Alhaji, kashewa ba wuya. Amma ba za ta fisshe ka ba.

Mai mota: Ƙanena ya ce in cire kan batir na minti goma, za ta mutu.

Makanike: Za ta mutu, gaskiya ne. Sai dai kwamfutar za ta manta duk binciken da ta yi wa kanta. Da sun jona na'urarsu za ta nuna musu ba ta shirya ba, su ce ka koma.

Mai mota: To yanzu mene ne abin yi?

Makanike: Bari mu karanta lambar da ta ajiye, mu gyara abin da take kuka da shi. Bayan nan ka yi 'yan kwanaki kana hawanta, cikin gari da babban titi, har ta gama binciken. Sannan ka kai ta.

Makaniken nan ya faɗi gaskiya. Lambobin da kwamfuta ke ajiyewa suna farawa da harafi, sai alƙaluma huɗu. P0300 na nufin wuta tana tsallake a silinda. P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur. P0420 na nufin katalis ba ya aiki yadda ya kamata. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge ta. Kuma ka sani lamba wuri take nunawa, ba ta cewa "sayi kaza". P0171 tana iya zama tsagaggiyar roba kawai.

Idan fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, wuta tana tsallake sosai, ɗanyen fetur yana kwarara cikin salansa. A rage gudu, a nufi gareji.

Sansa da katalis

A jikin bututun hayaƙi, kusa da inji, akwai sansa mai auna iskar da ta rage a hayaƙi. Ita ce ke gaya wa kwamfuta ta ƙara fetur ko ta rage. Idan ta tsufa takan yi nawa, labarinta ya riƙa zuwa a makare. Mota ta fara shan mai, CO ya tashi. Canza ta ya fi canza katalis araha nesa ba kusa ba.

Shi katalis wani kumburarren gwangwani ne a tsakiyar salansa. Cikinsa kamar saƙar zuma yake, an shafe ramukan da ƙarafa masu daraja irin su filatinam. Hayaƙi na ratsawa, sai CO da HC da NOx su rikiɗe su koma iskar da ba ta kai su illa ba. A Amurka ya zama ruwan dare tun motocin 1975, a Turai kuwa daga wajen 1993. Ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka da wuya ya mutu haka kawai. Kashe shi ake yi: ɗanyen fetur yana narkar da shi, baƙin mai da ruwan lagireto suna liƙe masa ramuka. Fetur mai dalma ma yana kashe shi, amma an daina sayar da irinsa don motoci a duk duniya tun 2021. Idan ka ji ƙarar tsakuwa a ciki in an bubbuga shi, ko mota ta rasa ƙarfi a hawa, lokacinsa ya yi. Wanda aka fasa aka kwashe cikinsa kuwa, babu dabarar da za ta maye gurbinsa.

Magungunan kwalba da ake zubawa a tanki fa? Wasu sukan wanke nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, idan ya ɗan yi datti. Ba sa ɗinke roba, ba sa tayar da mataccen katalis.

Launin hayaƙi

Baƙi: fetur ya yi yawa. Shuɗi: inji yana cin baƙin mai, watakila ringi ko robobin bawul sun gaji. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa: a zargi gasket. Ɗan farin tururi da sassafe ba komai ba ne.

Motar dizal kaurin hayaƙinta ake aunawa. Ma'aikaci zai take totur har ƙasa, sau da yawa fiye da sau ɗaya. Saboda haka a tabbatar baƙin mai ya cika, bel ɗin taimin kuma bai wuce lokacinsa ba, domin tsohon bel yana iya tsinkewa a irin wannan takun. Matatar iska da nozul su ne wuraren fara dubawa.

Ranar gwaji

Katalis ba ya fara aiki sai ya kai zafin digiri 250 zuwa 300. Motar da aka tashe ta aka kai ta kai tsaye tana iya faɗuwa alhali lafiyarta ƙalau. Ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a babban titi tukuna, inji ya buɗe. In ka tarar da layi, kada ka bari ta huce. Idan an kira ka, a kashe na'urar sanyaya mota da fitilu.

In ta faɗi, karɓi takardar ka adana. Ka tambaya ko akwai wa'adin dawowa, domin wurare da dama suna rangwanta kuɗin gwaji na biyu idan an dawo cikin lokaci. Takardar nan za ka miƙa wa makanike, ka nuna masa harafin da ya haura iyaka.

Aiki

1. Rubuta haruffa ukun da ke kan takardar gwaji, ka faɗi abin da kowanne ke nunawa.

2. Wata mota ta 1984 ta nuna CO kashi 5.1, iyakarta kuwa 4.5. Da nawa ta haura? Waɗanne abubuwa biyu za ka fara dubawa?

3. Me ya sa cire kan batir daren gwaji ba ya taimako? Amsa da jimla biyu.

4. A gida, da inji a kashe kuma a sanyaye, ciro matatar iskar wata mota ka ɗaga ta wajen haske. Rubuta abin da ka gani, ka zo da shi aji na gaba.