Yadda ake sayen wurin haƙar zinare ba tare da an saya wa kamfani rami ba

Yawancin waɗanda na ga sun yi asara a wannan harka, tun ranar da aka nuna musu zinare a tafin hannu suka yi ta. Dillali ya kai mutum daji, a wanke ƙasa a kwano a gabansa, ƙyalli ya fito, kafin la'asar ya ba da kafin alƙalami. Kai da ke shugabantar kamfani da kuɗin mutane, ba haka za ka bi ba.

Fara da takarda. A Najeriya ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, ba na mai gona ko hakimi ba, kuma dokar 2007 ta sa lasisi a hannun ofishin rajistar lasisin ma'adinai, wato Mining Cadastre, da ke Abuja. Karɓi lambar lasisin, ka je da ƙafarka ka ga sunan wa ke kai, ko wa'adinsa ya ƙare, ko ana bin sa kuɗin shekara. Ka kuma duba irinsa. Lasisin bincike na shekara 3 ne, ana sabunta shi, amma bai ba ka izinin haƙa ka sayar ba. Na haƙa sosai shi ne na shekara 25. Sau da yawa na farkon ake tallatawa da farashin na biyun.

Sai gwaji, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Ramukan 'yan haƙa suna nuna maka cewa akwai zinare a sama, kuma mai kyaun sun riga sun kwashe. Abin da kake saye yana ƙasa, inda ruwa ya kore su. Tambayarka ɗaya ce: giram nawa ne a cikin tan guda na dutse, kuma jijiyar dutsen da ke ɗauke da zinaren ta yi zurfi da tsawo nawa? Injin huda ƙasa kaɗai ke amsa wannan. Yana da tsada, kowace mita kuɗi ce, shi ya sa ake fara tona kwatami da ɗibar ƙasa don a san inda za a huda. Amma kada ka tsaya a kwatamin.

Samfurin da mai sayarwa ya ɗebo maka, zubar da shi. Naka masanin duwatsu ya ɗiba, ya ɗaure buhu, ya sa lamba, kada buhun ya kwana a hannun kowa sai mutuminka. Ka cusa wasu buhuna na dutsen da ka tabbata babu komai a cikinsa. In ɗakin gwaji ya ce ya ga zinare a nan, ka san ko dai an barbaɗa maka garin zinare a samfurin ko ba su iya aiki ba. Raba wasu samfuran gida biyu, ka aika rabi wani ɗakin gwajin daban. Kamfanin Bre-X na Kanada da barbaɗen garin zinare a samfuri ya ruɗi masu hannun jari kan wurin Busang a Indonesiya, har sai 1997 da kamfanin haƙar ma'adinai na Freeport ya huda nasa ramukan bai sami abin kirki ba. Manyan masu zuba jari ma sun afka.

A gwajin samfurin naka ka sa a duba me ke haɗe da zinaren. Dutsen Zamfara da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ita ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010.

Kada ka biya gaba ɗaya. Ni dai ba na yarda da cinikin da ba a gutsuttsura shi ba: kaɗan yanzu don a bar ka ka huda, saura in sakamako ya fito, ko a ba mai wurin hannun jari. In ya ƙi, akwai abin da ya sani.

Sauran kuwa, zauna da mai gari da masu gonaki tun da wuri, a rubuta yarjejeniyar raya al'umma da doka ta wajabta, ka yanke yadda za ka yi da 'yan haƙan da ka tarar, don kora ba ta aiki. Sa tsaro a lissafi. Saboda rashin tsaro an hana haƙa a Zamfara daga 2019 har ƙarshen 2024, jarin mutane na zaune. Injin niƙa shi ne ƙarshen abin saye, bayan an san irin dutsen. Faɗa wa masu kuɗi gaskiyar lokaci: kamfanin Thor Explorations ya sayi wurin haƙar zinare na Segilola a jihar Osun a 2016, zinaren farko sai 2021, bayan ya samo kuɗin gini daga cibiyar ba da rance ta Africa Finance Corporation.