Darasi na 7: Hanji da halittun da ke zaune cikinsa

Iyayena da 'yan uwa, darasin yau a kan ciki ne. Ku karanta a hankali, wanda ya riga ya iya ya taimaki na kusa da shi.

Hanjin babban mutum dogo ne sosai, ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, babban kuma mita 1 da rabi. A ƙaramin ne amfanin abinci yake shiga jini. A babban kuma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, biliyoyi ne ba a iya ƙirga su da baki, kuma yawancinsu ba cuta ba ne, aiki suke mana. Su ne ke narkar da abin da ciki ya kasa narkarwa, suna haɗa wasu bitamin, suna tare wa mugayen ƙwayoyi wuri don kar su zauna. Kuma babban kaso na garkuwar jiki a jikin hanji yake. Shi ya sa yaron da zawo ke yawan kamawa za ka ga bai girma yadda ya kamata, ko da ana ba shi abinci, don hanjin ya gaji ba ya tsotsar komai. Haka babba, in ciki ya ɗaure kwana da kwanaki sai kasala da ɓacin rai da rashin barci, in kuma damuwa ta yi yawa sai ciki ya murɗa, domin akwai jijiyoyi da ke haɗa hanji da ƙwaƙwalwa.

To me waɗannan halittu suke ci? Dusa da ganye da wake. Nan ne abin yake damuna gaskiya, muna surfa hatsi mu wanke tas mu kai wa akuya dusar, mu kuma mu ci farin gari, yanzu ga shinkafa fara da makaroni da burodi sun cika gidajen Damagaram. Ban ce a daina surfe ba, amma a rage, wani lokaci a niƙa gero ko dawa da ɗan dusarsa. Kuma abin da hanji ke so duk yana kasuwar Dole da arha: wake, kuka, kuɓewa, yakuwa, zogale, tafasa, rama, ga kayan garka da ake kawowa daga Mirya. Kwaɗon zogale da ƙuli, ɗanwake, shinkafa da wake, magarya da goruba da yara ke gwaguya, duk abinci ne na hanji. Wanda bai saba cin wake ba ya fara da kaɗan, kumburin ciki na farko yana raguwa in jiki ya saba.

Nono mai tsami da kindirmo suna ɗauke da irin halittun nan masu amfani, hura da nono abinci ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami, kuma a kula da ruwan da ake damawa da shi da ƙanƙarar da ake jefawa. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan musamman lokacin zafi, ana sayen na 'yan garuwa ko a ɗebo na tabki da damina, to wanda ba a yarda da shi ba a tafasa ko a sa ƙwayar Aquatabs mai tsabtace ruwa a jira minti 30, a rufe randa, moɗa kuma kar ta kwana a ƙasa. Wanke hannu da sabulu bayan an fito salanga, bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin cin abinci.

Sai maganar magani, ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Ciki ba ya buƙatar wanki. Maganin wankin ciki da ake sha kowane sati yana zubar da ruwan jiki ne kawai ya bar mutum da jiri. Kafso ɗin nan na masu talla a tire, wanda ake haɗiya da an ji ciki ya juya, yana kashe halittun kirki tare da mugaye, kuma yawancin zawon yara ba ya ma buƙatarsa. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen in ana yawan sha yana iya kawo gyambon ciki. A bari ma'aikacin likita ya rubuta.

In yaro ya kamu da zawo, a zuba fakiti 1 na SRO, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, cikin lita 1 na ruwa mai tsabta a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kar a daina ba shi mama ko abinci. Jariri kuwa mama zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, ko da ana zafi. In an ga jini cikin kashi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya ƙi sha, a tafi CSI, wato ƙaramin asibiti, nan take ko dare ne. Babba ma in kashinsa ya yi baƙi ƙirin ko yana rama ba dalili, kar ya ce basir ne ya zauna yana shan jiƙo.

Aikin gida: kowa ya rubuta abincin da aka ci a gidansa jiya tun safe har dare, ya ja layi ƙarƙashin wanda ke da ganye ko wake ko nono. A zo da takardar aji na gaba mu karanta tare.