Yadda ake rainon maɗaci har ya zama babbar inuwa a ƙofar gida

Jama'a yanzu in ana maganar bishiyar inuwa kowa darbejiya yake kawowa ko turare, saboda suna saurin tashi, ni kuma gaskiya maɗaci nake ba mutane shawara in dai akwai fili. Duk wanda ya bi tsofaffin titunan Nasarawa a Kano ko na Kaduna da Zariya ya ga manyan maɗatan nan da aka jera tun zamanin Turawa ya san me nake nufi, bishiya ce da kan kai mita 30, ganyenta ko ya zuba da rani nan da nan sabo yake fitowa, dan haka lokacin da bazara ta yi tsanani a watan Afrilu tana nan da inuwarta. Amma fa sai ka yi haƙuri, ka sa a ranka shekara goma ko fiye kafin ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, kuma kusan duk wahalar tana cikin shekara uku na farko ne.

Kafin komai wurin da za ka dasa, nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Mutum zai ga ɗan dashe bai kai gwiwa ba sai ya manna shi jikin katanga ko ƙarƙashin wayar wuta, bayan shekara goma sha saiwa ta ɗaga fandisho, ko ma'aikatan wuta su zo su guntule kan bishiyar gaba ɗaya, ƙarshe dai a kira mai inji a sare. Ka ba shi aƙalla mita 10 daga gini da rijiya da shadda, in jere za ka yi ka bar mita 10 zuwa 12 tsakaninsu. In filinka bai kai haka ba dan Allah kar ka tilasta, nemi ƙaramar bishiya kamar gwaba ko lemo.

Iri kuwa ba sai ka saya ba. Da rani 'ya'yan maɗaci suke nuna, za ka gansu a tsaye a saman reshe kamar girman ƙwan kaza masu tauri, in sun bushe sai su tsage gida huɗu irin ya zubo, fale-fale ne ruwan ƙasa mai ɗan fiffike a gefe, iska na kwasarsa. Abin lura shine irin nan baya jure ajiya, in ka jefa shi a kwaba ya yi watanni yawancinsa ba zai fito ba, dan haka ka tsinta ka shuka da wuri. Ka cika leda mai ɗan tsawo da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka huda gindinta, ka sa iri biyu ba da zurfi ba, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa safe da yamma, cikin sati biyu zuwa uku zai tsiro sai ka bar mai ƙarfin. Wanda bai da lokacin wannan ya je wajen masu sayar da dashe a bakin titi, sai dai ka ɗaga ledar ka duba, in saiwar ta huda ta shiga ƙasa ko ta nannaɗe a ciki ka bar musu abinsu, maɗaci da doguwar saiwarsa ta tsakiya yake neman ruwa.

Lokacin dashe sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ba ruwan farko ba wanda za a yi a ɗauke sati biyu. Rami ƙafa biyu faɗi ƙafa biyu zurfi, ƙasar sama ka ware ta daban ka gauraya da taki wanda ya riga ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ko na shanu ƙona saiwa yake kuma yana kiran gara. Ka yanka ledar ka cire, wallahi har yanzu akwai masu binne dashe da ledarsa. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake a leda, kar ka binne shi da zurfi, ka danna ƙasar da ƙafa ka yi masa ɗan kwari zagaye yadda ruwa zai kwanta, da yamma ake wannan aikin.

Toh a ranar da ka dasa a ranar za ka yi shinge, kar ka ce gobe. Akuya da tumaki suna son ganyen maɗaci sosai, ai shi yasa makiyaya ke hawa su sassabo wa shanu da rani, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata shida kafin ka dawo daga masallaci. Bulo da aka jera da tazara yadda iska za ta shiga ya fi komai, in babu to raga ko ƙaya, tsayinsa ya kai ƙirji, kuma ya zauna har sai kan bishiyar ya wuce inda akuya za ta kai in ta miƙe da ƙafa biyu.

Ranin farko da na biyu sune gwajin. Jarka ɗaya ta lita 25 sau biyu a sati ta fi ɗan kofi kullum, saboda ruwan da ya ratsa ƙasa sosai shi ke jan saiwa ta nutsa. Ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa amma kar ta taɓa jikin itacen, ka barbaɗa toka, ka riƙa dubawa in ka ga gara ta fara gini a jikinsa ka kankare.

Akwai wata tsutsa da ke shiga kan tohon maɗaci ta cinye cikinsa, sai ka ga kan ya yi laushi ya bushe, daga baya rassa biyu ko uku su fito a wurin. Bata cika kashe shi ba, kuma ga mai neman inuwa ba katako ba abin da sauƙi, kawai ka yanke wurin da ya bushe ka zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi ya zama kai, sauran ka cire. Rassan ƙasa kuma a hankali ake rage su shekara bayan shekara har ka samu wajen mita 3 da mutum da mota za su wuce, da wuƙa mai kaifi ko zarto, banda fizga da hannu.

Abin da yafi ɓata min rai shine masu sassaƙe. Kowa ya san ana jiƙa ɓawon maɗaci dan magani, amma in aka zagaye gindin da sassaƙa an yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar shekara hamsin sai ta bushe a tsaye. Ka yi magana da maƙwabta da mai unguwa tun tana ƙarama kowa ya san tana da mai ita.

Sannan in unguwa ce ko makaranta za ku dasa da yawa, kar ku yi iri ɗaya tak ko da maɗacin ne. A Ingila da Amurka akwai wata babbar bishiyar inuwa da suke kira elm, sun jera ta tituna bayan tituna, sai wata cuta da ƙwaro ke ɗauka daga bishiya zuwa bishiya ta shigo, har ta saiwa take bi in sun haɗu a ƙarƙashin ƙasa, daga ƙarshen shekarun 1960 Birtaniya kaɗai ta rasa sama da miliyan 25. Mu ma a farkon shekarun 1990 an ga darbejiya na ta bushewa a Nijar da arewacin Najeriya. Dan haka ku sirka da tsamiya da durumi da cediya, ita cediya ma reshe mai kauri kawai za ka sara kamar mita 2 ka kafa a farkon damina ya kama, sai dai ita kam ka ƙara nisanta ta da shadda da bututun ruwa fiye da maɗacin, saiwarta bin danshi take yi.