Yadda za ka ga presipite da idonka, da alif da kanwa kawai

'Yan uwa 'yan lakwal, musamman ƙannenmu masu shirin BEPC, akwai wata kalma a darasin shimi da kowa ke hardacewa amma da yawa ba su taɓa ganin abin da ido ba, wato presipite. Mushe ya rubuta a tabulo, an kwafe a kaye, shi ke nan an wuce, saboda ba kowane kolej ke da labo mai kayan aiki ba. Abin yana damuna sosai, don wannan abu yana cikin randar gidanku, yana cikin butar shayi, yana tukunyar mai awara ta bakin layi.

Ma'anarsa dai ga ta. Ka samu ruwa biyu garai-garai, kowanne akwai abin da ya narke a cikinsa, ka haɗa su, sai wani abu mai jiki ya ɓullo wanda shi ba ya narkewa, ruwan ya yi hazo, in ka bar shi abin ya sauka ya kwanta a ƙasa. Wannan sabon abin shi ne presipite. Dalili kuwa shi ne iyon, wato 'yan ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da abu ke rabuwa zuwa gare su in ya narke, waɗanda ke yawo a ruwan farko sun gamu da na ruwa na biyu, suka kama juna suka zama wani abu da ruwa ba ya iya riƙewa.

To ga yadda za ka yi a gida. Ka je kasuwar Dole ta nan Damagaram ko wajen mai tebur na unguwarku ka sayo alif, wanda wasu ke ce ma alam, da kanwa, na kuɗi kaɗan ya isa. Ka nemo kofin gilashi uku, ko irin na shayi ma sun yi, muhimmin abu dai ka iya hango ciki. Ka daka alif kamar rabin cokalin shayi ka zuba a ruwa mai ɗumi ka motsa har ya ɓace. Kanwar kuma ka jiƙa ta a kofi na biyu, ka ba ta lokaci, yashi da dattin da ke cikinta su kwanta, sannan ka tace da tsumma mai tsabta cikin kofi na uku. Nan ne mutane ke yin gaggawa su ɓata aikin, in ruwan kanwar bai washe ba ba za ka bambance abin da ya fito sabo da dattin da ke nan tun farko ba, don haka ka tace sau biyu in ta kama, ko ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa ba komai in dai kana ganin yatsanka ta bayan gilashin.

Yanzu sai ka riƙa tsiyaya ruwan kanwa cikin na alif a hankali, kaɗan-kaɗan, idonka a kan kofin. Nan take za ka ga wani farin abu yana tashi kamar audugar rimi a cikin ruwa, ga 'yan kumfa suna hawa sama. Farin abin sunansa idiroksid na aluminiyom, Al(OH)3, kumfar kuma iskar CO2 ce da ta fito daga karbonat ɗin da ke cikin kanwa. Ka ajiye kofin kada ka taɓa, a hankali zai sauka ƙasa ya bar ruwa a sama, in ka tace shi a tsumma za ka ji shi da santsi a hannu. Ba a sha fa, a zubar, kuma kada a bar wa yara ƙanana.

Akwai wurin da nake so ku tsaya ku fahimta da kyau, don nan ake kama ɗalibai. Ba duk abin da ya kwanta a gindin ruwa ne presipite ba. Gasarar da inna ke tacewa ta bar ta ta kwanta don koko, garin hatsin yana nan tun farko, bai taɓa narkewa ba, nauyinsa ne kawai ya kai shi ƙasa. Haka lakar ruwan tafki in ka bar shi ya kwana a bokiti. Wannan kwanciya ce kawai, abin da mushe ke kira dekantasiyo. Tambayar da za ka yi ma kanka guda ce, kafin a haɗa ruwan garai yake? In garai yake sannan abu ya fito, presipite ne. In da ma a gurɓace yake, kwanciya ce.

Inda abin ya fi shafarmu mu mutanen Damagaram shi ne wajen ruwan sha. Kowa ya san garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Machaya da Arungusa da Ganaram, kuma da bazara in ya ɗauke sai 'yan garuwa da rijiya, ƙauyuka da yawa kuwa da damina ruwan tafki ne. Matan da ke kaɗa alif a randa, shimi suke yi ba tare da an sa masa suna ba. Alif ɗin in ya narke yana haifar da wancan farin abu mai santsi, shi kuma ya riƙa tattara ƙananan ƙwayoyin laka da ba sa iya kwanciya da kansu, su dunƙule su yi nauyi su sauka tare. Yadda ake yi, a ɗauki ɗan dunƙulen alif a zagaya shi cikin ruwan 'yan lokuta, a cire shi, kada a jefa a bar shi ciki, a motsa ruwan sannan a rufe a ƙyale shi ya natsu, daga baya a tsiyaye na sama a wani mazubi ba tare da an girgiza na ƙasa ba. In ruwan ya yi bauri a baki to alif ya yi yawa. Wanda ba ya da alif, garin ƙwayar zogale busasshiya ma yana tattara laka.

Amma don Allah iyayenmu mata ku ji wannan, alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa zai yi fari tas kuma ya sa yaro zawo ko taifot. Bayan an tace sai an tafasa, ko a sa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a takardarsa a jira minti 30 kafin a sha.

Sauran wuraren da za ka gan shi, farin ɓawon da ke mannewa a gindin buta karbonat na kalsiyom ne da zafi ya fitar daga ruwan, ka zuba ruwan lemun tsami ka bar shi zai narke. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai wani farin datti ya taso, kalsiyom ne ya kama sabulun. Mai awara in ta zuba ruwan tsami a madarar waken soya mai zafi ta dunƙule, furotin ne ya rabu da ruwa. Har tsakuwar ƙoda ta haka take samuwa, fitsari in ya yi kauri gishirin da ke cikinsa, yawanci oksalat na kalsiyom, sai ya fara daskarewa, shi ya sa a zafin Afrilu da Mayu ake ta cewa a yawaita shan ruwa.

Ga masu egzame kuma launi shi ne komai. In aka ɗiga sud, wato ruwan soda mai ƙuna (NaOH), a ruwa mai iyon Cu2+ presipite shuɗi ne, Fe2+ tsanwa, Fe3+ launin tsatsa, Zn2+ fari. Nitrat na azurfa in ya gamu da iyon Cl-, irin na gishirin miya, yana ba da farin AgCl wanda ke yin baƙi in haske ya taɓa shi, kuma dole ka rubuta wannan baƙin da yake yi, don fararen presipite suna da yawa. A amsarka ka faɗi abin da aka ɗiga, launin da ya fito, sannan iyon ɗin da hakan ya nuna. Sud kuwa yana ƙona fata, kada kowa ya gwada shi a gida.

In kuma ka ji masu hasashen yanayi a rediyo suna cewa presipitasiyo, ruwan sama suke nufi da ƙanƙara, wanda ake aunawa da milimita, mu nan kusan 400 muke samu a shekara. Wanda aka ce da Faransanci ya yi presipite a magana ko a aiki kuwa, garaje ya yi. Duk daga wata kalmar Latin suka fito mai nufin faɗowa ta ka, don haka in tambaya ta zo a takarda ka fara duba ko darasin shimi ne ko na yanayin ƙasa kafin ka ɗora bik.