Yadda Ake Koyar da Ƙaurar Dabbobi da Littafin Yara a Aji Huɗu

Na sha zama a bayan aji ina kallon sababbin malamai suna koyar da wannan darasi, kuma kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe. Malam zai shigo da littafi mai kyawawan hotuna, ya karanta shi tun daga bango har bango kamar tatsuniya. Da ya tambaya me ya sa tsuntsayen suka tashi, sai aji ya ɗauka baki ɗaya: "Sanyi suke gudu!" Malam ya ce a tafa. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, har ranar da na ce musu tsuntsayen Turai wajenmu suke zuwa daga watan Oktoba zuwa Maris. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ai lokacin mu ma muna cikin hunturu." Ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar.

Da farko, kada ka buɗe littafin. Ka fara da shamuwa. Tambayi yara wa ya taɓa ganinta, a kan wace bishiya ta yi sheƙa, kuma me manya suke cewa idan ta iso. Za su gaya maka damina ta kusa. Sannan ka tambaye su wa yake da yaya ko kawu da ke tafiya cin rani, da lokacin da Fulani suke kaɗa shanu zuwa kudu neman ciyawa. Duk ka rubuta amsoshin a allo, kada ka goge. A ganina zango na uku ne lokacin wannan darasi, daga Afrilu zuwa Yuli, domin a lokacin shamuwa tana gari, yaro zai iya ɗaga kai ya gan ta a hanyarsa ta komawa gida.

Mataki na biyu shi ne zaɓen littafi. Kada ka tsaya a kan guda ɗaya mai labarin ƙasar ƙanƙara. Nemi na biyu da ke magana a kan Afirka, musamman garken namun dajin da ke zagaye tsakanin Serengeti a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya, dabbobi sama da miliyan ɗaya haɗe da jakunan dawa, suna tsallake kogin Mara da kadoji a ciki. Littattafan nan suna da tsada in sababbi ne, amma kwafi ɗaya ya ishi aji, kuma masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa sukan samu. In da Turanci aka rubuta, kai ka karanta shi a gida tukuna, ka zo aji ka bayar da shi da Hausa. Shafin taswira kaɗai ya cancanci kuɗin fotokwafi.

To, ga inda aikin yake. Lokacin karatun, ka riƙa tsayawa a kowane shafi da tambaya guda: me dabbar nan take ci a nan, kuma me ya faru da abincin? Kada ka karɓi amsar "sanyi" ita kaɗai. Ka ce, to sanyin me ya yi wa abincinta? A Turai, idan sanyi ya sauka ƙwari suna ɓacewa, tafkuna suna daskarewa, tsuntsun da ke cin ƙwari ko mai kiwo a ruwa ba shi da abin sawa a baki. Shi ya sa agwagin ruwa da wasu tsuntsaye suke tsallako Sahara su sauka a fadamun Hadeja da Nguru da tafkin Chadi, inda ruwan damina ya kwanta kuma abinci ya wadata. Daga nan ka buɗe littafin Serengeti ka tambaye su, ina ƙanƙarar a nan? Babu. Ruwan sama suke bi, domin inda ya zuba nan sabuwar ciyawa take. Sai ka koma kan allo. Abincin shamuwa tsutsa ne da fara, tana zuwa da faɗuwar ruwa, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, da damina ta ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda tasu daminar take farawa. Ka bar yaran su haɗa wannan da kawunsu mai cin rani da bakinsu. Kada ka riga su faɗa, ko da shirun ya yi tsawo. Wannan mataki shi kaɗai yakan ci mini darasi guda, kuma ban taɓa nadamar lokacin ba.

Wani abu kuma, yawancin littattafan yara suna sa tsuntsu ya yi magana, ya yi ban kwana da abokansa. Ka raba allo gida biyu: abin da mutum zai iya gani da idonsa, da abin da marubuci ya ƙara don labari ya yi daɗi. A nan nake ba su labarin wani babban tsuntsu, dangin shamuwa, da aka samu a arewacin Jamus a shekarar 1822 da mashin Afirka soke a wuyansa. Har yau yana ajiye a jami'ar Rostock. Da irin wannan shaida mutanen can suka gane inda tsuntsayensu suke tafiya. Yanzu zobe ake sa musu a ƙafa, ko a ɗaura musu 'yar na'ura mai nuna inda suke.

Sauran matakan ba su da wuya. Ka manna taswira a kwali, yara su ja zare daga inda dabba ta tashi zuwa inda ta sauka. Lambobin littafi ba sa shiga kan yaro sai ka auna su da hanyar da ya sani: malam-buɗe-littafin da ke tashi daga Kanada zuwa Meziko yana cin fiye da kilomita 3,000, wato Kano zuwa Kaduna sama da sau goma. Ka rataye kalanda a bango, duk wanda ya ga shamuwa ya zo ya rubuta ranar da wurin da kuma guda nawa. A jarrabawa kuma tambaya ɗaya nake yi: zaɓi dabba ɗaya daga littafin, ka faɗi abin da take ci a inda ta baro da abin da take ci a inda ta je.