Yadda Sabon Ma'aikacin Biro Zai Shiga Intanet Ba Tare da Ya Ɓace Hanya Ba

Na daɗe ina zama kusa da sababbin ma'aikata a wani biro da ke nan Damagaram, kuma kusan kowane ɗayansu da magana iri ɗaya yake farawa: ya danna Chrome, sai ya juyo ya ce mini ya shiga Google. Wannan ƴar magana ita ce tushen yawancin ruɗanin da ke biyo baya, domin abubuwa uku ne mabambanta aka haɗe su wuri guda. Intanet shi ne haɗin kwamfutocin duniya, wanda yake shigowa biro ta waya, ko ta akwatin wifi, ko ta wayar salula mai layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Burauza kuwa manhaja ce da ke cikin kwamfutarku, wadda aikinta shi ne ta ɗauko shafi ta nuna muku shi. Chrome, Firefox da Edge duk burauza ne. Shi Google shafi ne guda cikin shafuka, kamar yaron tasha da ke nuna wa matafiyi motar Magariya ko ta Mirriya, alhali ba shi ne motar ba, ba kuma shi ne hanyar ba. Tsarin shafukan kansa wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙirƙiro shi a shekarar 1989.

Kafin komai, ku dubi ƙasan allon ta hannun dama, kusa da agogo, inda alamar rezo take. Idan babu haɗi, Chrome yakan nuna hoton wata ƴar dabba mai kama da ƙadangare, kuma wannan ba ya nufin kwamfuta ta lalace. A duba ko wayar intanet ta fice daga baya, ko akwatin wifi ya mutu, ko kuwa kuɗin layin ne ya ƙare. Idan tsohuwar kwamfuta kuka gada wadda har yanzu ake buɗe Internet Explorer a kanta, ku nemi a sa muku wata burauza, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun ranar 15 ga Yuni, 2022.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci a cikin burauza shi ne dogon farin gurbin nan da ke can sama, inda ake rubuta adireshi. Ku danna cikinsa da linzami, ko ku riƙe Ctrl ku taɓa L, ku rubuta adireshin, sannan ku danna Entrée. A nan ne madannan birorinmu, waɗanda akasari tsarin Faransa ne da layin haruffansu ya fara da AZERTY, suke wahalar da sabon shiga. Lambobin layin sama ba sa fitowa sai an riƙe Maj, wato maɓallin nan mai kibiya da ke kallon sama, wanda ake kira Shift da Turanci. Ɗigo ma haka yake: yana zaune a maɓalli ɗaya da alamar waƙafi mai ruwa (;), kuma idan ba a riƙe Maj ba, alamar ce za ta fito maimakonsa. Ita kuwa alamar @ ta adireshin imel, sai an riƙe Alt Gr an taɓa maɓallin sifili. Na taɓa ganin wani dattijo, gogagge a aikin takarda, ya shafe rabin sa'a yana ƙoƙarin buɗe shafi guda har gumi ya keto masa, ashe alamar (;) ce ta shiga inda ɗigo ya kamata ya zauna. Adireshi ba ya karɓar kuskuren harafi ko da ɗaya ne, kuma ba a barin fili a tsakiyarsa.

Bayan iya rubuta adireshi sai iya karanta shi, kuma ina roƙon mai karatu ya fi ba wannan ƙarfi. Ku tsallake https:// da ke farko, ku bi rubutun har ku iso sandar nan mai karkata (/) ta farko, sannan ku dubi kalmomin da ke dab da ita ta hagu, domin su ne ainihin sunan mai shafin. Ƙarshen .ne na Nijar ne, .ng na Nijeriya, .fr na Faransa, kuma shafukan ma'aikatun gwamnatinmu da yawa da gouv.ne suke ƙarewa. Mayaudari yana iya sa sunan banki ko na ma'aikata a farkon adireshi, ya ɗora wasu kalmomi a bayansa, ya kwaikwayi tambari da launi har shafin ya yi kama da na gaske, amma ba zai iya mallakar ƙarshen da ba nasa ba. Harafin s da ke cikin https yana nufin abin da kuka rubuta a lulluɓe yake tafiya, na kan hanya ba zai karanta shi ba, sai dai bai ba da shaidar cewa mai shafin mutumin kirki ne ba. Wannan ruɗanin yana cikin dalilan da suka sa Chrome ya cire hoton kwaɗon da ke gefen adireshi a shekarar 2023. Saboda haka kada a shigar da kalmar sirri a shafin da aka iso ta hanyar danna mahaɗin da ya zo cikin saƙo. Gara a rubuta adireshin da hannu.

Idan ba ku san adireshi ba, ku rubuta kalmomi uku ko huɗu a gurbin nan, burauza za ta miƙa su ga shafin bincike. Sakamakon farko sau da yawa talla ne, za ku ga an rubuta Sponsorisé a kansa. Ga mai neman abu da Hausa, yana da kyau ya gwada da haruffa masu lanƙwasa, ya kuma gwada ba tare da su ba, haka nan ya gwada Zinder ya gwada Damagaram.

Ana iya buɗe shafuka da yawa a jere cikin taga ɗaya. Ctrl da T yana buɗe sabo, Ctrl da W yana rufe wanda ake ciki, wanda aka rufe bisa kuskure kuma Ctrl da Maj da T suna dawo da shi. F5 yana sake ɗauko shafin da ya maƙale, amma idan kun riga kun danna aika wata takarda ko biyan kuɗi, ku yi haƙuri ku jira, kada abu ya tafi sau biyu. Shafin da kuke buɗewa kullum, ku adana shi da Ctrl da D bayan kun tabbatar na gaskiya ne, ku huta da rubuta adireshinsa.

Duk abin da aka sauke yana faɗawa cikin jakar Téléchargements, kuma Ctrl da J yana nuna jerinsu. Ku dubi ƙarshen sunan fayil kafin ku buɗe shi. Takardun aiki da .pdf, .docx ko .xlsx suke ƙarewa, wanda ya ƙare da .exe kuwa manhaja ce da za ta shiga cikin kwamfuta ta yi aiki, don haka idan an turo shi da sunan takardar albashi ko sanarwa, a bar shi a kira mai kula da kwamfutocin biro. Ga kuma shawarar da zafin bazara ya koya mini: dogon rubutu a fara yin sa a Word ana adanawa, sannan a kwafa a zuba a shafi, domin idan wuta ta ɗauke, abin da aka cika a shafi yakan tafi gaba ɗaya.

Saura maganar kwamfutar da mutum uku ko huɗu suke amfani da ita, wadda ita ce halin birori da dama a garin nan. Idan burauza ta tambaya ko ta adana kalmar sirrinku, ku zaɓi Jamais. Rufe taga ba fita ba ne. Sai kun danna sunanku ko hotonku a sama ta dama kun zaɓi Se déconnecter, ko imel ne ko Facebook, kuma WhatsApp da aka haɗa da kwamfuta shi ma a cire shi. Na san wata ma'aikaciya da saƙonnin gidanta suka kwana a buɗe a kan allo, kuma na ga irin ɓacin ran da ta shiga washegari. Taga ta sirri, wadda ake buɗewa da Ctrl da Maj da N a Chrome ko Edge, tana share tarihin shafukan da aka ziyarta idan an rufe ta, amma ba ta ɓoye su ga mai kula da layin biro, kuma fayil ɗin da aka sauke yana nan zaune. Idan kuma tashi za ku yi na ɗan lokaci, kamar in an kira sallar Azahar, ku riƙe maɓallin Windows ku taɓa L, allon zai kulle har sai an shigar da kalmar sirrin kwamfutar.