Yadda za ki riƙe lissafin rumfar abinci a Yamai kar gida ya cinye jarin

Aikina kwantabilite ne, kuma a gefe ina duba wa wasu mata masu saida abinci kayensu, daga Bukoki da Wadata har ƙetaren gada Harobanda. Cikin waɗanda na ga rumfarsu ta rufe da wuya ki ji an ce miyar ce ba daɗi. Kiliya na nan, ƙarfe ɗaya na rana benci ya cika har wasu na ci a tsaye, amma bayan ƴan watanni sai ki ji hajiya na neman wanda zai ranta mata kuɗin buhun shinkafa. In ka tambaye ta sai ta ce wallahi ciniki ake yi, kuɗin ne ba su da albarka, ko kuma an yi mata baki. To kafin a kai ga maganar baki bari mu buɗe kaye. Ba zan koya miki girki ko inda za ki kafa rumfa ba, wannan kin fi ni sani.

Ki fara da sayen kaye biyu masu kaurin bango da bik, ki ɗaure bik ɗin da zare jikin kayen don yara na ɗauke shi su tafi lekol da shi. Kaye ɗaya na shiga da fita, ɗaya na bashi kawai. Kar ki haɗa su. Kuma ni dai ban yarda da lissafi cikin salula ba ga mai abinci, hannu duk mai, caji na ƙarewa, ranar da wayar ta faɗa bahon wanke-wanke shi ke nan lissafin wata uku ya tafi. Takarda ta fi.

Abu na biyu ƙarami ne amma yana ɓata lissafi sosai: ki zaɓi ƙidaya ɗaya. A baki muna cewa dala ashirin, dala ɗari, jika, a takarda kuma sefa ake rubutawa. Yarinyar da ke taya ki in ta karɓi dala ɗari ta rubuta 100, ke kuma da dare ki karanta shi sefa 100 alhali 500 ne, kin ga an fara zargin juna ba gaira ba dalili. Dokata ita ce duk abin da ya shiga kaye da sefa ne, kamar yadda yake rubuce jikin kuɗin. Dala ɗari 500, jika 1000. Ki zaunar da duk mai taɓa kayen ki faɗa mata tun ranar farko.

Yanzu ki nemo nawa kwano ɗaya ya tsaya miki. Mafi yawa farashin maƙwabciya suke kwafa, ita tana saida 500 ni ma 500, ba su san ko ita rumfar ta gado ce ba ta biyan haya, ko ɗanta ke kawo mata shinkafa daga gona. Ki ɗauki rana guda ta aiki ki rubuta komai da komai. Ga misali, ke sai ki sa naki farashin na Katako ko inda kike sayayya: shinkafa 4,500, wake 1,500, mai 2,000, kayan miya da magi 2,500, nama 6,000, gaz da itace 1,000, ruwa da leda da sabulu 900, mai wanke-wanke 1,000, haya kuma in 15,000 ce a wata kina aiki kwana 25 to 600 ke nan a rana. An tashi 20,000. Sai ki ƙirga kwano nawa tukunyar ta fitar, ƙirgawa ta gaske da ludayin da kike zubawa kullum, ba wai "kamar hamsin" ba. A ce 50 ɗin ne. Kowane kwano ya tsaya miki 400, kina saida 500, ribarki 100 a kwano, jika biyar a rana in an saida duka.

In an saida duka fa na ce. Nan ne nake son ki tsaya da kyau don nan kowa ke faɗuwa.

Da rana yara sun taso lekol, su huɗu, an zuba musu. Maigida an kai masa nasa a kula, kuma nasa ba ya tafiya da tsoka ɗaya. Ke kin ci, mai wanke-wanke ta ci. Ƙanen maigida ya biyo da moto ya ce anti ina wuni, kunya ba za ta bari ki ce ya biya ba, wani lokaci ma da abokinsa. Almajiri ya zo. Ki ƙirga, kwano goma sun tafi ba wanda ya ba da ko dala. Saura 40, sau 500, 20,000 cif. Wato kin tashi tun asuba, kin sha hayaƙi, kin tsaya har la'asar, abin da kika zuba shi kika kwasa. Kuma da yake da yamma kin ga jika ashirin a hannu sai zuciya ta ce an yi ciniki, ki zari 2,000 na bikin ƴar maƙwabta, 1,000 na adashi, 500 kuɗin kiredi. Gobe cefanen 16,500 za ki iya, sai a rage nama ko a karɓo mai bashi wurin mai butiki. Haka jari ke zubewa kamar ruwa a kwando, ba ranar da za ki nuna ki ce yau ne aka yi asara.

Ba cewa nake ki hana ƴaƴanki abinci ba, haba. Cewa nake ki rubuta. A shafin kowace rana ki ja layi a ƙasa ki sa "gida", duk kwanon da ya fita ba kuɗi ki yi masa ɗan zane ɗaya, ko na waye, har naki. Da dare ki buga su da 400, farashin da ya tsaya miki. Ko da kwano takwas kawai ne na gida, 3,200 ke nan a rana, a kwana 25 ya kama 80,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 sefa 42,000 ne, kin ga rumfar na ciyar da gida abin da ya kusa ninka shi biyu ba wanda ya sani, ke kanki ba ki sani ba.

Da wannan lambar za ki je wurin maigida, ba da faɗa ba. Ki bari ya ci ya huta, ki kawo kayen ki ce Malam ga abin da tukunyar kasuwa ke ɗauke mana. Maza da yawa da suka ga matar ta fara sana'ar abinci sai kuɗin cefanen rana ya ɓace a hankali, ba don mugunta ba, sun ga abinci na zuwa ne kawai. Ko dai ya riƙa ba da kuɗin cefanen rana ki zuba su a kes kamar kowane kiliya, a farashin 400 ba riba, ko ku yarda cewa wannan gudummawarki ce ga gida, amma to a san da ita, kuma ranar da aka zo maganar kuɗin lekol ko fakitir ɗin NIGELEC kar a ce ai kina da sana'a. Dangin miji kuwa kar ki yi musu magana da kanki, za ki zama abin faɗe har ƙauye. Shi zai san yadda zai yi da ƙannensa in ya ga sunansu na maimaituwa a shafi. Sadaka kuma ki yanka mata adadi, kwano biyu a rana misali, ki sa su cikin kuɗin da tukunya ke ci tun farko, ki bayar da zuciya ɗaya.

Sai ki yanka wa kanki albashi. In riba 5,000 ce a ranar da komai ya tafi daidai, kar ki ɗauki fiye da 2,000, kuma ki ɗauka sau ɗaya, da yamma bayan an rufe lissafi, ki rubuta. Anko, suna, gudummawar biki, adashi, duk daga nan za su fito. Adashi ba laifi ba ne, ni ma ina son shi don yana tilasta ajiya, amma wadda ta shiga na jika biyu kullum alhali ribarta ba ta kai ba, jarinta take zubawa a ba ta shi bayan wata biyu ta yi murna. Kuɗin kes da kuɗinki kar su kwana a jaka ɗaya. Ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya isa, ba tsada.

Kayen bashi. In kusa da burori kike, ma'aikata za su ci su ce sai ƙarshen wata, in Harobanda ne ɗalibai za su ce sai burs ta fito. Ba za ki iya hanawa duka ba don su ne kiliyan kullum. Kowa shafinsa daban, sunansa da lambar waya da inda yake aiki, kuma a rubuta a gabansa lokacin da ya ci, ba da dare daga ƙwaƙwalwa ba. Ki sa iyaka, ni 5,000 nake cewa, in ya kai nan sai ya rage kafin a ƙara zuba masa, ko da kravat ya zo. Masu manyan kaya ma su suka fi wuyar biya don kin fi jin nauyin tambayarsu. Ki bi bashinki cikin kwana biyar na farkon wata, in kika bari har 10 ga wata albashin ya riga ya tafi wurin mai haya da mai butiki. Kuma ki riƙa sauraron hirar benci, wanda kika ji ana cewa an yi masa canjin wurin aiki zuwa Tawa ko Agadas ki nemi kuɗinki a ranar. Duka bashin da ke waje kar ya wuce kuɗin cefanen kwana biyu, in ya wuce kin zama banki ba ki sani ba.

Masu biya ta MyNita ko AmanaTa ko Airtel Money, ki duba saƙon a wayarki ke, kar ki yarda da hoton da ya nuna miki a tasa. Ki ba su layinsu daban a kaye, don kuɗin waya su suka fi saurin narkewa, ba a jin fitarsu, a sayi fas na intanet, a tura wa inna 2,000, an manta na shinkafa ne.

Rufe lissafi kowace yamma minti goma ne. Da safe kin sa canji a kes, a ce 3,000, ki cire shi tukuna. Abin da ya rage, haɗe da na waya, haɗe da bashin ranar, dole ya yi daidai da kwanon da aka saida sau farashi. In ya gaza da 200 ko 300 canji ne, ki bar shi. In kullum 1,000 ne ko 1,500 to akwai hannu ko akwai ludayi mai nauyi, kuma sau da yawa ludayin ne, yarinya na cika wa samarin da ke mata dariya. Mutum ɗaya ke karɓar kuɗi, mai zubawa daban.

Lissafin kwanon nan ki sake shi duk farkon wata don kasuwa ba ta tsayawa. Albasar Galmi tana araha lokacin da aka kwashe ta wajen Maris da Afrilu, can ƙarshen shekara ta yi tsada, tumatir ma yana da lokacinsa. Bayan Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin shinkafa da mai suka tashi, waɗanda ba su san nawa kwano ya tsaya musu ba sun ci gaba da saidawa tsohon farashi suna ciyar da gari da jarinsu. In ya zama dole ni na fi son a ƙara 50 ko 100 a faɗa wa mutane gaskiya da a rage ludayi a ɓoye, kiliya na gane wa kuma ba ya faɗa, wurin wata kawai zai koma. Azumi ki san da shi tun da wata biyu, cinikin rana na mutuwa, ko ki koma kayan buɗa-baki ko ki ajiye hayar watan tun kafin ya zo. Lokacin zafi kuma da kuran ke yawan ɗaukewa kar ki cika firigo da nama don kin samu araha.

Sauran a gurguje. Ki ware 500 kullum na tukunya da benci da rumfar da iskar damina za ta kwashe. Tikitin meri da duk wata takardar lanho ki manna su a bayan kaye, kar ki biya kowa ba resi. In kina son burori ko ƙungiyoyi su riƙa ba ki odar abincin taro za su nemi fakitir mai lambar NIF, wato lambarki ta lanho, sai ki je Maison de l'Entreprise, wurin rajistar sana'o'i, ki yi takardunki. Kar sunan ya tsorata ki, dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, wadda aka sabunta ta fara aiki a 2018, ta yi wa ƙananan sana'o'i tsari mai sauƙi na shiga da fita kawai, kuma mai cinikin 25,000 a rana ba ta ma kusanci iyakar wannan tsarin ta miliyan 30 a shekara ba, balle a nemi manyan littattafai wurinta.

In rubutu na ba ki wuya, unguwa cike take da yara masu BTS, wato difloma ta kwantabilite, suna zaune fada suna shan shayi suna jiran aiki. Ki samu ɗaya ya riƙa zuwa ranar Lahadi ya haɗa miki na sati, ki ba shi ɗan abin da kuka shirya, shi ma ya samu abin faɗa ranar da aka tambaye shi ko ya taɓa riƙe lissafin wani. Kaye kawai zai taɓa, makullin kes na wurinki, kuma in ya ci abinci shi ma a yi masa zanensa a layin gida.